Tambayi Mai Faifai: Kaset ɗin Marigayi, Hanyar Wagadugu da Kiɗan da Muka Bari Ya Salwanta

Assalamu alaikum masu karatu. Saƙonninku sun taru tun kafin Sallah, wasu ta hannun edita, wasu ta WhatsApp, ɗaya ma a takarda aka kawo mini har shago a Aboabo, an naɗe ta cikin leda saboda ruwan sama. Shida na ɗauka a wannan watan. Kamar kullum, ba na buga sunan kowa, unguwa kawai nake faɗa.

Tambaya daga wata ɗaliba a Nima, Akra: Baba, barka da aiki. A wayar yayana nake karanta shafinka. Me zai sa mutum ya cika ɗaki da faifai da kaset, alhali duk waƙar da yake so tana YouTube? Kuma yaya aka yi ka fara?

Amsa: Barka kadai, 'yata, Allah ya ba da sa'ar jarrabawa. Ni da kunne na fara kallon fim. Lokacin da muke yara a Kumasi akwai Rex, akwai Roxy, akwai Odeon, kuma yawancin gidajen silima na wancan zamani ba su da rufi sai ta wajen kujerun masu kuɗi. Sauti yana tsallake katanga ya faɗo titi. Mu da ba mu da kuɗin tikiti sai mu jingina da bango bayan isha'i, da gyaɗa a aljihu, muna sauraro. Ba ma jin Indiyanci, ba ma ganin allo, amma in goge ya yi ƙasa ya fara kuka mun san uwar jarumi ce za ta rasu. In ganguna suka ɗauki zafi, bos ya shigo. In fim ɗin kaboyi ne kuwa, akwai wani fito da ke tashi a hankali, da zarar mun ji shi kowa ya yi tsit don mun san za a zare bindiga. Na yi shekaru da yawa ina ɗauke da wannan fiton a kaina kafin wani faifai ya faɗo hannuna a kasuwar Kantamanto ta Akra, na karanta a bayan kwalinsa cewa wani Ba'italiye ne ya tsara shi, Ennio Morricone, a 1966. Ranar da aka sanar da rasuwarsa a Yulin 2020 na rufe shago da wuri.

Da aka kai ni koyon gyaran rediyo, maigidana yana da wata rikoda National Panasonic mai cin batir manya. Nakan roƙe shi aronta ranar Asabar, in ɗora ta a kan kaina kusa da bakin katangar silima, in danna jan maɓalli. Waɗannan kaset ɗin su ne farkon abin da na tara, kuma har yau suna nan. Sautin ba shi da tsafta ko kaɗan. Za ki ji mai rake yana talla, ki ji ihun 'yan kallo lokacin da jarumi ya tashi daga duka, ki ji wani abokina yana rera amshi da Indiyancin da ya ƙirƙira wa kansa. Ya rasu shekaru da dama da suka wuce, Allah ya jiƙansa, kuma ba shi da hoto ko ɗaya a gidansu. Muryar nan ta cikin kaset ita kaɗai ta rage, na kuma kai wa 'ya'yansa kwafi.

Daga nan sai dokar hana fitar dare ta zo bayan juyin mulkin ƙarshen 1981, ta daɗe fiye da shekara biyu. Silima abincinta dare ne, sai ta fara mutuwa. Da aka ɗage dokar, gidajen bidiyo sun riga sun cika lungunan Zango, da hotunan tallarsu da ake zanawa da fenti a kan buhun fulawa. Manyan gidajen silima kuwa, wasu suka koma coci, wasu ɗakin ajiyar kaya. Wannan ya ƙara mini kwaɗayin tarawa, don na ga da idona cewa abin da mutum ya ɗauka zai dawwama yana iya ɓacewa cikin 'yan shekaru.

Maganar YouTube, kin yi gaskiya a rabi. Waƙoƙin Indiya suna can, sun ma fi nawa tsafta, domin kamfanoni irin Saregama, wanda shi ne tsohon HMV na Indiya, sun adana kayansu tun zamanin garmaho. Amma kiɗan da ke ƙarƙashin magana, wanda ke gaya wa zuciya ta ji tsoro ko ta yi laushi, da wuya ki same shi shi kaɗai. Kuma kwalin faifai yana gaya miki wanda ya tsara kiɗa, wanda ya rubuta baiti, shekara da garin da aka buga shi, abin da mai tura waƙa a waya ba zai gaya miki ba.

Ga kuma abin da ke cin raina, gara in faɗa miki tun kina yarinya. Na kashe ƙuruciyata da kuɗina ina tara na Indiya, ashe Indiya ba ta bukatata. Wanda ke bukatata shi ne namu. Akwai wata ƙungiyar wasan kwaikwayo ta samarin unguwarmu da wani tsoho mai goge ke yi wa kiɗan buɗe fage. Na ɗauki kiɗansa cikakke, fuska biyu na kaset. Da waƙoƙin Disco Dancer na 1982 suka iso gari, kaset ya yi tsada kuma ba a samunsa, sai na ɗora su a kan na tsohon. Waɗancan waƙoƙin yau ko yaron goye zai nemo miki su a waya. Kiɗan tsohon kuwa babu shi a ko'ina a duniya, kuma hannuna ne ya goge shi.

Tambaya daga wata uwargida a Asawase, Kumasi: Kawu, mahaifinmu ya rasu watanni huɗu da suka wuce. Ya bar kaset cike da akwatin ƙarfe biyu da faya-fayai wajen talatin, yawanci na finafinan Indiya da na Kano. Wasu sun yi fumfuna. Yayyena maza sun ce a ba masu gwangwan ko a ƙone. Zuciyata ba ta yarda ba. Yaya zan yi?

Amsa: Allah ya jiƙan Baba, ya sa Aljanna ce makomarsa, ya ba ku haƙurin rashi. Ki roƙi yayyenki cikin ladabi su ba ki wata uku. Kayan gado ne, kowa yana da haƙƙi a ciki, don haka ki sa malamin da ya raba muku gado ya san da maganar, kada ta zama abin ɓacin rai a gida.

Dalilin da ya sa na ce kada a ƙone ko guda shi ne, abin da aka rubuta a bayan kaset ba lallai shi ne a ciki ba. Mutanenmu a da da kaset suke aika wasiƙa. Wanda ya tafi Jidda, ko Libiya, ko Agege, a kaset yake yin magana ya ba matafiyi ya kawo gida, gida kuma su taru su mayar masa da amsa. Wani bawan Allah ya taɓa kawo mini kaset mai sunan fim ɗin Indiya a jiki don in gyara masa zare. Da muka juya fuska ta biyu, sai ga muryar kakarsa tana yi wa ɗanta da ke Legas nasiha, tana cewa ya dawo gida tun kafin a koro shi, ga alama dab da korar baƙi da Najeriya ta yi a 1983 aka ɗauka. Mutumin nan ya zauna a bencin shagona ya yi kuka kamar yaro. A cikin akwatin Babanku za a iya samun tafsirin malaman da suka riga mu gidan gaskiya, ko walimar aure, ko muryarsa shi kansa.

Yanzu ga aikin. Kada ki saka kaset mai fumfuna a rikoda, zai ɓata kan na'urar ya kuma shafa wa sauran. Ki fitar da su duka ki baza a inuwa inda iska ke bi, ba a rana ba, domin rana tana lanƙwasa roba. Ki rufe hancinki da ƙyalle, ƙurar fumfuna tana kama ƙirji. Ki ware masu tsafta gefe, masu farin gari a jikin zare gefe. Kowanne ki duba tsakiyar bakinsa, akwai wani ɗan soso ƙarami da ke tallafe zaren, in ya faɗi sautin zai fito a dakushe. Ki zura biro a rami ki juya a hankali. In ya ƙi juyawa kada ki tilasta. Mafi yawan kaset masu kyau kusoshi biyar ne ke riƙe da su, ana kwancewa a ɗauke zaren a mayar da shi cikin gidan wani kaset mai lafiya. In zare ya tsinke, kada a haɗa shi da salatif na kanti, danƙonsa yana narkewa ya manne da na kusa da shi. Akwai na musamman da masu gyara ke amfani da shi. Sannan ki karya 'yan harsunan nan biyu da ke saman kowane kaset, ta yadda ko yaro ya danna jan maɓalli ba zai goge komai ba. Ki yi hattara da masu lamba C120, zarensu ya fi na C60 da C90 siriri, shi ne rikoda ta fi taunewa.

Faya-fayan kuma iri biyu ne. In mai nauyi ne, mai kauri, wanda aka rubuta 78 a jikinsa, na garmaho ke nan: yana fashewa kamar tangaran, kuma kada sifirit ya kusance shi, narkar da shi yake yi. Masu 33 da 45 na roba ne, ana wanke su da ruwa mai tsabta da ɗigon sabulun ruwa, a bi zagayen layin da tattausan ƙyalle, a kiyaye takardar tsakiya, a bari su bushe sarai. A tsaye ake jera su kamar littattafai. In kika ɗora su kan juna a ƙarƙashin rufin kwano, zafin Maris kaɗai ya isa ya mai da su kamar faranti.

Mu a Kumasi babban abokin gabarmu danshi ne, don damina biyu muke yi a shekara, sai kuma ƙurar hunturu. Ki ɗaga akwatin daga ƙasa, ki nisanta shi da lasifika saboda maganaɗisun da ke cikinta yana cin sautin kaset, ki jefa 'yan ƙullin nan masu shan danshi da ake samu a kwalin sabon takalmi. Batun ɗagawa daga ƙasa ba wasa ba ne. Farfesa John Collins, wanda ya daɗe yana tara tarihin kiɗan Gana a gidansa na Bokoor a Akra, ambaliyar 2011 ta shiga masa ta lalata kaya masu yawa.

Bayan haka ki nemi yaro mai kwamfuta. Waya ɗaya ce daga rikoda zuwa kwamfuta, da manhajar Audacity wadda kyauta ce. Ya ajiye a tsarin WAV, kada ya matse shi zuwa MP3 sai kwafin da za a tura wa dangi. A ajiye a wuri biyu, gida biyu daban. Ki sayi littafi ki ba kowane kaset lamba, ki rubuta abin da kika ji da wanda ke magana, tun tsofaffin da za su gane muryoyin suna raye. Ki fara da na Kano da waɗanda ba a rubuta komai a jikinsu ba, na Indiya su jira. In kin ci karo da abin da ya shafi tarihin Zango, akwai ma'ajiyar sauti mai sunan J. H. Kwabena Nketia a Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Legon, ki tuntuɓe su. In kin ga aikin ya fi ƙarfinki, Asawase da Aboabo ba nisa, ki aiko mini da guda goma mu fara.

Tambaya daga wasu teloli biyu a Alabar, Kumasi: Alhaji, musu ya haɗa mu. Ɗayanmu ya ce jarumar fim ɗin Indiya ita ke rera waƙarta, ɗayan ya ce baki kawai take motsawa. Wanda ya faɗi shi zai sayi ataya na mako guda.

Amsa: Mai cewa baki take motsawa shi ne da gaskiya. A situdiyo ake fara ɗaukar waƙa, mai tsara kiɗa daban, marubucin baiti daban, mawaƙa daban, sannan a saka ta a wurin ɗaukar hoto jaruma ta bi da leɓe. Shi ya sa muryar Lata Mangeshkar, wadda ta rasu ranar 6 ga Fabrairun 2022 tana da shekara 92, ta fito daga bakin Nargis a Mother India na 1957, ta kuma fito daga bakin Kajol a 1995, kusan shekara arba'in tsakani. A ɓangaren maza haka Mohammed Rafi ya yi har rasuwarsa a 1980. Sai dai kada mai nasara ya cika baki, akwai irin su Kishore Kumar da ya haɗa biyun, yana fitowa a fim yana kuma rera wa kansa da wasu. Finafinan Kano ma wannan tsarin suka ɗauka. Muryar da kuke ji sau da yawa ta Fati Nijar ce ko wata zabiyar situdiyo, fuskar kuma ta wata. A sha atayan tare, a rage sukari.

Tambaya daga wani malamin makaranta a Ashaiman: Yaya, na ji kana yawan ambaton FESPACO. Ina son zuwa ko sau ɗaya. Mutum irina mai ƙaramin albashi, wanda ba ya jin Faransanci, zai iya? Kuma mai son kiɗa me zai samu a bikin finafinai?

Amsa: Ƙanena, za ka iya, ni ma da kuɗin gyaran rediyo na fara zuwa. FESPACO bikin finafinan Afirka ne, yana gudana a Wagadugu, babban birnin Burkina Faso, tun 1969. Tun daga 1979 duk bayan shekara biyu ake yi, a shekarar da lambarta ba ta rabuwa biyu, yawanci daga ƙarshen Fabrairu zuwa farkon Maris, mako guda. A 2021 ne cutar korona ta tura shi zuwa Oktoba. Babbar kyautarsa ita ce Dokin Yennenga, kuma wanda ya fara ɗaukarta a 1972 maƙwabcinmu ne, Oumarou Ganda na Nijar.

Zuwana na farko a 1989 ne, kuma Allah ya sa na dace, don a shekarar ne ɗan ƙasarmu Kwaw Ansah ya ci kyautar da Heritage Africa. Mu 'yan Gana da muka haɗu a can, Asante da Fante da Dagomba da mu 'yan Zango, muka kwana muna murna a titi kamar mun ci kofin ƙwallo. Amma abin da ya canza ni a tafiyar wani abu ne daban. Na shiga kallon Yaaba na Idrissa Ouédraogo, labarin wata tsohuwa da yara biyu a ƙauye, da harshen Mosi. Kunnena ya saba da goge hamsin suna tashi lokaci guda. A nan kuwa sai shiru mai tsawo, iska, takun ƙafa a kan tsakuwa, sannan ɗan kiɗa siriri ya shigo ya fita. Francis Bebey na Kamaru ne ya yi shi. Na fito daga silimar na zauna a bakin kwalbati na daɗe ban yi magana ba. Ranar na gane cewa shiru ma yana cikin aikin makaɗi, na kuma gane cewa Afirka tana da nata kiɗan fim da ban taɓa nema ba. Daga nan na fara bin sawu: Manu Dibango da ya yi wa darakta Ousmane Sembène na Senegal kiɗan Ceddo a 1977, Abdullah Ibrahim na Afirka ta Kudu da ya yi na Tilaï wanda ya ci Dokin a 1991, Wasis Diop da ya yi wa yayansa Djibril Diop Mambéty kiɗan Hyènes a 1992. Na Wasis ya fito a faifai, na same shi. Da yawa kuwa ba a taɓa fitar da su daban ba, suna maƙale cikin fim, in fim ɗin ya lalace sun tafi tare.

Hanya: daga Kumasi sama da kilomita 700 ne. Techiman, Kintampo, Tamale, Walewale, Bolga, Navrongo, sai iyaka a Paga. Ka tsallaka zuwa Dakola, ka bi ta Po ka shiga Wagadugu. Kai da za ka taso daga Ashaiman ka ƙara wuni guda. Ka riƙe fasfo, ka riƙe katin rigakafin shawara, shi ne abin da aka fi tsare mutane a kansa. Ka canza sidi zuwa sefa kaɗan a iyaka don kuɗin mota da ruwa, sauran ka bari sai cikin gari. A wata tafiyar motarmu ta mutu tsakanin Buipe da Tamale muka kwana a daji, tun daga ranar nake tafiya da kwana biyu a hannu kafin buɗe biki. Yanzu kuma yanayin tsaro a Burkina ba kamar da ba ne. Ka tambayi direbobin tasha halin da hanya take ciki a makon da za ka tashi, ka yi tafiyar ƙetare da rana, kada ka yi sha'awar leƙa garuruwan da ke wajen babban birni.

Faransanci kada ya hana ka. Hausa tana aiki a kasuwa, wajen mahauta, masu tsire da 'yan canji. Zuwana na farko a Zangouettin na sauka, tsohuwar unguwar Hausawa da ke tsakiyar gari, a gidan wani dattijo mai fataucin goro da ya san Kumasi kamar tafin hannunsa. An rushe unguwar a 2003 don sabon tsarin birni, mutanenta suka watsu zuwa bayan gari, amma in ka je masallaci ka yi sallama da Hausa ba za ka rasa mai nuna maka masauki ba. Finafinan kuwa, ka zauna kusa da ɗalibai, za su riƙa raɗa maka abin da ake cewa.

Ka nemi jadawali tun ranar farko. Ciné Burkina da Ciné Neerwaya su ne manyan zaure, layi yana tsawo, ka isa da wuri da ruwanka, don zafin lokacin ba ya wasa. In fim ya ƙare kada ka tashi tare da jama'a. Ka zauna har sunaye su gama hawa, ka rubuta sunan mai kiɗa a littafinka. Darakta kowa yana rububinsa, makaɗi kuwa sau da yawa yana tsaye shi kaɗai a bakin ƙofa. Ka je ka gaishe shi, ka gaya masa wurin da kiɗansa ya taɓa ka. Abubuwa mafi daraja a ɗakina ta haka na same su, daga jakar mai su zuwa hannuna. Kafin lokacin, ka fara da na gida: bikin finafinai na Black Star da Juliet Asante ta kafa ana yinsa a Akra, kuɗin trotro, wato motar haya, kawai zai ci maka.

Tambaya daga wani mai kayan gwanjo a Kejetia: Maigida, wani Bature yana zagayawa yana sayen tsofaffin faya-fayai. Ina da guda goma sha biyu. In sayar?

Amsa: Kayanka ne, kuma ciniki halal ne. Amma kada ka sayar a dunƙule. Ka sa yaro ya duba maka lambar da ke jikin kowane faifai a Discogs, shafin intanet na cinikin faya-fayai, za ka ga yadda ake sayar da irinsa. Kwali mai lafiya da faifai marar ƙarzuwa su ke ɗaga farashi. Na Indiya an buga su da yawa, ba kasafai suke tsada ba. Waɗanda masu zagayen nan ke farauta su ne na Gana da Najeriya na shekarun 1970, don kaɗan aka buga. In akwai irinsu a cikin naka, ka kawo in ɗauki sautin da hoton kwalin kafin su hau jirgi. Ba na karɓar ko pesewa a kan wannan.

Tambaya daga wani matashi a Sabon Zango, Kumasi: Baba, ni nake yi wa abokaina kiɗa a finafinan Hausa da muke ɗorawa a YouTube. Da fiyano nake yi. Suna cewa in kwaikwayi na Kano sak. Me ka gani?

Amsa: Ɗana, wasiƙarka ce ta fi faranta mini rai a wannan watan, shi ya sa na ajiye ta ƙarshe. Ba na raina fiyano. Da ƙaramar Yamaha yaran Kano suka gina sana'ar da ta ciyar da dubban gidaje, har zuwa lokacin da waƙar Sangaya ta cika kowace motar haya daga Kano zuwa nan. Ka koyi abin da suka iya, musamman yadda suke sa amshi ya zauna a baki. Amma su sun ɗauko daga Indiya, in kai ma ka ɗauko daga gare su, ruwan ya zama na uku a ganyen shayi.

Ka duba abin da ke ƙofar gidanka. Yaron Zangon Kumasi yana tashi da kalangun biki a kunne ɗaya, gogen Dagomba a ɗaya, ga kologo, garayar mutanen Bolga da mawaƙi King Ayisoba ya kai har Turai, ga jitar hailaif daga shagon maƙwabci, ga zikirin daren Juma'a. Babu yaron Kano da ke da wannan haɗin. Ka ɗauki wayarka ka je wurin mai goge na gaske, ka biya shi haƙƙinsa, ya ja maka minti biyu, ka sa a wurin da uwa ke sallama da ɗanta a tasha. Kuma ba kowane fage ke son kiɗa ba. In mutum biyu suna maganar da ta isa, ka ɗauke hannunka daga fiyano.

Sai abin da na fi so ka riƙe. Duk kiɗan da ka yi, ka ajiye shi shi kaɗai, ba tare da maganar 'yan wasa a kai ba, a tsarin WAV, a wuri biyu. Ka rubuta sunan fim, wata da shekara, sunan wanda ya rera da wanda ya kaɗa kowane abu. Ka matsa a sa sunanka da nasu a ƙarshen fim. Ka yi yarjejeniya a rubuce da furodusa ko da abokinka ne na ƙuruciya, ka kuma je ka yi rajista da GHAMRO, ƙungiyar kare haƙƙin masu kiɗa ta Gana, dokar haƙƙin mallaka ta 2005 tana bayanka. Na sha tambayar waɗanda suka yi kiɗan finafinan bidiyo na farko ina asalin aikinsu yake, amsar kusan ɗaya ce: situdiyo ta tashi, kwamfuta ta ƙone lokacin dumsor, wato yawan ɗauke wutar lantarki, ko an goge an ɗora wani.

A shagona na kwashe layi guda na kaset ɗin Indiya daga kanta na sama, wanda ruwa ba ya kaiwa, na mayar da su cikin kwali. Wurin yana nan babu komai. Ka zo ranar Juma'a bayan la'asar da memorinka, ka zo da sunan kowa da kowa a rubuce. In ka iso Aboabo ka tambayi masu gyaran waya ina tsohon nan mai faifai yake, za su rako ka.